Hutun al'ada ga mata ma'aikata: doka ta wajabta shi, kuma yaya ake tsara shi?

Tambaya: Wata Hajiya mai kula da ma'aikata a wani kamfanin sarrafa kayan abinci a Kano ta rubuto cewa: "Ma'aikatanmu 60 ne, 24 mata, akasarinsu a tsaye suke wuni wajen awo da ƙulla kaya. Kusan kowane wata sai an sami wadda ciwon mara ya kwantar, ko wadda ta ƙi zuwa ta ce zazzaɓi ne, a yanke mata kuɗin yini. Na kai wa mai kamfani shawarar a ba da hutun al'ada, ya ce in kawo masa hujja da lissafi. Doka ta wajabta? Kwana nawa ake bayarwa? Yaya za a hana a mai da shi abin wasa?"

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bari mu fara da doka, tunda ita mai kamfani zai fara tambaya. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta ambaci hutun al'ada ba. Abin da ya fi kusa da maganar shi ne sashe na 16, wanda ya ba ma'aikaci hutun rashin lafiya har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa, bisa sharaɗin likita mai rajista ya tabbatar da ciwon. Sashe na 18 ya ba da hutun shekara na aƙalla kwana 6 bayan an yi wata 12 ana aiki, sashe na 54 kuma hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta cika wata shida a wurin. Dokar ta fi shafar masu aikin ƙarfi da na akawu. Manajoji da ƙwararru, takardar ɗaukar aikinsu ce ke hukunci a kansu. Matan da ke awo da ƙulli a wurinku suna cikin waɗanda dokar ta kare.

A takarda ke nan mai ciwon mara tana da kwana 12. A aikace kuwa sai ta tashi da ciwon, ta biya kuɗin adaidaita, ta yanki kati, ta bi layin ganin likita, duk don takardar ciwon da zuwa gobe ya lafa. Kuɗin da za ta kashe ya kai na yinin da take neman cetowa, wani lokaci ma ya wuce. Shi ya sa take kwanciya a gida ta aiko cewa zazzaɓi ne. Abin da kike nema ya toshe wannan giɓin ne, kuma doka ba ta hana ba, don mafi ƙanƙantar haƙƙi ta shimfiɗa, kowane kamfani yana iya ƙarawa a kai. Sai dai ki gaya wa mai kamfani tun farko: ranar da kuka shigar da hutun cikin sharuɗɗan aiki, ya zama haƙƙi, wadda aka hana tana iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Sashe na 7 na dokar ma ya ce duk canjin da aka yi wa sharuɗɗan aiki a sanar da ma'aikaci a rubuce cikin wata ɗaya.

Kafin a yanke yawan kwanaki, a san ciwon da ake magana a kai. Ciwon mara iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ba wata cuta a ƙarƙashinsa: mahaifa tana fitar da wani sinadari, furostagilandin, wanda ke sa ta murɗawa don ta zubar da shimfiɗar cikinta. Idan ya yi yawa sai murɗar ta yi ƙarfi, jinin da ke zuwa wa tsokar mahaifar ya ragu, ciwo ya sauka mara da baya da cinyoyi, wasu har da amai, gudawa da jiri. Yakan fara gab da zuwan jini ko tare da shi, ya fi tsanani a ranar farko, ya sauka cikin kwana biyu zuwa uku. Na biyu shi ne wanda wata cuta ke haddasawa, kamar ƙarin mahaifa, wanda ya fi yawa a tsakanin mata baƙar fata, ko endometiriyosis, wato tsirowar nama mai kama da shimfiɗar mahaifa a wajen mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta endometiriyosis yana damun kusan mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa, kimanin miliyan 190. A cikin mata 24, kada ki yi mamaki in akwai biyu masu shi, kuma ba lallai su san sunan abin da ke damunsu ba.

Hujjar da ta fi shiga kunnen mai dukiya tana cikin wani bincike da aka yi a Holan, aka wallafa a 2019, kan mata 32,748. Kashi 13.8 cikin ɗari ne suka ce sun taɓa fashin aiki ko makaranta saboda al'ada, kashi 3.4 kaɗai ke fashi kusan kowane wata. Amma kashi 80.7 sun ce suna zuwa da ciwon su yi aikin da bai kai na kullum ba. Da aka haɗa lissafi, fashi yana cin kwana 1.3 a shekara ga kowace mace, zuwa aiki da ciwo kuma yana cin kusan kwana 9. Cikin masu fashin, ɗaya cikin biyar ce kawai ke faɗin ainihin dalili. Holan ba Kano ba ce, amma abin da alƙaluman suka nuna kin riga kin gan shi a ɗakin ƙulli: kamfani yana biyan kuɗin ciwon nan tuni, ta awon da ya kauce, ledar da ba ta liƙu ba, da kayan da aka dawo da su. Rajistar zuwa aiki ce kawai ba ta nuna shi.

Wasu daga cikin ƙasashen da suka yi doka a kai sun daɗe da ita, kuma kurakuransu sun fi nasarorinsu amfani gare ki. Japan ta sa shi cikin dokar ƙwadagonta tun 1947, sashe na 68: idan aiki ya yi wa mace wuya ƙwarai a kwanakin al'ada kuma ta nemi hutu, ba a tilasta mata aiki. Ba a ƙayyade kwanaki ba, ba a kuma wajabta biya ba. A 1965 sama da kashi ɗaya cikin huɗu na mata ma'aikata suna karɓa. A ƙididdigar gwamnati ta 2017 ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari. Dalilan a fili suke: kamfanoni da yawa ba sa biya, shugaban da za a gaya wa yawanci namiji ne, kuma wadda ta karɓa sai a dube ta da ido. Magungunan kashe ciwo ma sun inganta, wannan gaskiya ne, amma bai isa ya bayyana irin wannan faɗuwa ba.

Koriya ta Kudu tana ba da kwana ɗaya a wata tun 1953. Da ana biya, aka janye biyan lokacin da ƙasar ta koma aikin kwana biyar a mako a farkon shekarun 2000. A can hana shi laifi ne mai tara, kuma a 2021 Kotun Ƙolin ƙasar ta tabbatar da tarar won (kuɗin ƙasar) miliyan 2 a kan tsohon shugaban wani kamfanin jiragen sama da ya ƙi amincewa da buƙatu 138 na ma'aikatan jirgi 15. Ya kare kansa da cewa ba su kawo shaidar suna al'ada ba, kotu ta ce neman irin wannan shaida shiga sirrin mutum ne kuma yana hana mata neman haƙƙinsu. Indunusiya tana ba da ranar farko da ta biyu a dokar 2003, amma ta bar tsarin aiwatarwa ga yarjejeniyar kowane kamfani, kuma an sha ruwaito masana'antun da ke tura mata asibitin kamfani a duba su kafin a yarda. Wace mace ce za ta yarda da wannan tozarcin saboda kwana ɗaya? Taiwan tana ba da kwana ɗaya a wata da rabin albashi. Biyetnam ta bi wata hanya daban: hutun minti 30 a kowace rana ta al'ada, aƙalla kwana uku a wata, da biya.

Sifaniya ce ta fara a Turai, a Fabrairun 2023, dokar ta fara aiki 1 ga Yuni. Asusun inshorar zamantakewa na gwamnati ke biya tun daga ranar farko, don kada nauyin ya hau kan kamfani har ya guji ɗaukar mata. Wannan dabara ce mai kyau. Sai dai an ɗaure hutun da takardar likita da kuma ciwon da ke da cuta sananniya a ƙarƙashinsa, kuma a watanni 11 na farko sau dubu ɗaya da ɗari biyar da 'yan kai kaɗai aka yi amfani da shi, a ƙasar da mata miliyoyi ke aiki. A Indiya, jihar Bihar tana ba ma'aikatan gwamnati mata kwana biyu a wata tun 1992, kamfanin kai abinci na Zomato ya ba da kwana 10 a shekara daga 2020, amma a 2024 Kotun Ƙoli ta ƙi wajabta shi ga ƙasa baki ɗaya, tana mai jan kunne cewa hakan na iya sa a riƙa guje wa ɗaukar mata aiki. Wannan fargabar ba ta banza ba ce, zan dawo kanta.

Wadda ta fi kama da halinku ita ce Zambiya. Dokar aikinta ta 2019, sashe na 47, ta ba kowace mace ma'aikaciya kwana ɗaya a wata, ba takardar likita, ba kuma sai ta faɗi dalili ba. A can "ranar uwa" suke kiran sa, ko da mace ba ta taɓa haihuwa ba, don al'adarsu, kamar tamu, ba ta son a kira abin da sunansa a gaban maza.

Idan kika jera waɗannan, za ki ga yawan kwanaki bai taɓa zama matsalar ba. Abu uku ke raya tsarin ko su kashe shi: ana biya ko ba a biya, wa ake gaya wa, da ko ana neman shaida. Ga yadda zan ba da shawarar ku rubuta naku.

Kwana ɗaya a kowane wata, da cikakken albashi. In ba za a biya ba, gara a bar maganar, don mai ɗaukar albashin da bai wuce mafi ƙanƙanta da yawa ba, ba za ta sayar da kuɗin yini ba, za ta zo ta jingina da tebur. A yarda a raba shi gida biyu, rabin yini yau, rabin yini gobe, saboda da yawa safiya ce ke yi musu wuya, da magani ya kama jiki za su iya fitowa, wasu kuma a tsakiyar aiki abin ke zo musu. Ba a tara shi: wanda ba a ɗauka a wata ba ya wuce da watan. Ba a kuma mai da shi kuɗi. Da zarar kun ce wadda ba ta ɗauka ba za a ba ta ladansa, kun mai da shi ƙarin albashi, mai ciwon gaske za ta daure ta zo don kuɗin, an gudu ba a tsira ba. Kada a cire shi daga kwana 12 na rashin lafiya ko daga hutun shekara. Mai zagayen kwana 28 tana yin al'ada sau 13 a shekara, don haka wani watan zai zo mata sau biyu. A rubuta cewa jami'ar da ke kula da hutun tana iya ba da na biyun, muddin jimillar shekara ba ta wuce 13 ba.

Ba takardar likita ga wannan kwana ɗayan. Wadda ciwonta ke wuce haka, a yi mata tsari na biyu: ta kawo takardar likita sau ɗaya, takardar ta yi aiki wata 12, duk ƙarin kwanan da ta ɗauka a cire daga hutun rashin lafiya ba tare da sabuwar takarda kowane wata ba. Wannan yana da fa'ida biyu. Ya rage mata zirga-zirgar asibiti, ya kuma tura ta ga likita aƙalla sau ɗaya, wanda shi ne abin da take buƙata tun asali. Hutu ba ya maganin ƙarin mahaifa. Duk wadda jininta ke wuce kwana bakwai, ko take jiƙa auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ko take zubar da gudaji manya, ko ciwon ke ƙaruwa shekara bayan shekara, ko magani ya daina yi mata, ko take haki da jiri irin na ƙarancin jini, likitan mata ya kamata ta gani, a yi mata hoton mara da gwajin jini. In kamfani yana da asibitin da yake hulɗa da shi, biya wa irin waɗannan kuɗin hoto sau ɗaya ya fi ba su kwanaki araha.

Maganar wa ake gaya wa, a nan ne yawancin tsare-tsare ke mutuwa. Kada a ce ta nemi izini wurin shugaban sashenta. Yarinya 'yar shekara 20 ba za ta tsaya gaban namijin da ya girme ta ta ce tana fashin salla ba, kuma bai dace a nemi haka daga gare ta ba. A naɗa mace ɗaya, ke ko wata dattijuwa da ake ganin girmanta, da mataimakiya don ranar da ba ta nan. Saƙon waya ya isa, kalma biyu, aƙalla awa ɗaya kafin lokacin shiga aiki. Ita jami'ar ce za ta gaya wa shugaban sashe cewa wance tana hutun da aka amince da shi, shi ke nan. A rajistar da kowa ke gani, a sa masa alama ɗaya da sauran hutun da aka yarda da su. Littafin da ke nuna ainihin nau'in hutun ya zauna a durowa mai makulli ko a kwamfuta mai lambar sirri. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu tsananin sirri, don haka wannan ba kara kawai ba ce, akwai nauyin doka a ciki.

Akwai dalilin sirrin da ya keɓanta da irin zamanmu. Idan kowa ya san ranar da wance ke ɗaukar hutu, kowa zai lura da watan da ba ta ɗauka ba. Matar aure sai a fara yi mata barka da cikin da ba ta sanar ba, ko wanda babu shi. Budurwa ko bazawara kuwa, kin san irin maganar da za ta tashi, kuma magana ɗaya irin wannan ta isa ta kori yarinya daga aiki. Haka nan za a sami mai kawo miki rahoto cewa wance ta ɗauki hutu amma an gan ta tana salla, ko tana azumi. Kada ki saurara. Ciwon yakan riga jinin da yini ɗaya ko biyu, musamman ga masu endometiriyosis, mace tana cikin tsarkinta tana murƙususu. Allurar tazarar haihuwa da robar hannu suna rikita kwanaki, shayarwa ma haka, kuma macen da ta haura 40 al'adarta takan rikice ta yi yawa kafin ta ɗauke. Duk wanda ya ce zai riƙa lissafa wa mata kwanakinsu don ya kama maƙaryaciya, zai yi kuskure sau da yawa, kuma kowane kuskure cin mutunci ne. Shi ya sa hanyar Zambiya ta fi sauƙi: a ba duk mata, ba a tambayar shekaru, ba a tambayar ciki.

To yaya za a hana wasa da shi? Iyakar kwana ɗaya ita ce babbar kariya: ko da an sami mai amfani da shi don zuwa biki, kwana 12 ko 13 ne a shekara, kuma kun riga kun sa su cikin lissafi. Abin da ya halatta a duba shi ne yanayin da ke maimaituwa, misali hutun da kullum ke faɗowa jajibirin ranar hutu ko washegarin biyan albashi, wata shida a jere. Zagayen al'ada na kwana 28 cif yana iya dawowa rana ɗaya ta mako, saboda haka ko wannan ba hujja ba ce, dalili ne kawai na jami'a ta zauna da ita su biyu su yi magana. Takardar gargaɗi ba ta shigo nan ba sai an sami abu tabbatacce, kamar a same ta tana aikin kuɗi a wani wuri a ranar. Ni a ganina ma matsalar da za ku fi fuskanta ita ce ƙin ɗauka, kamar yadda aka gani a Japan da Sifaniya.

Ga lissafin da za ki kai masa, ki sauya alƙaluman da naku. A ɗauka albashi naira 78,000 ne a wata, ana aiki kwana 26, kuɗin yini ya kama 3,000. Idan duk mata 24 suka ɗauki kwana 12, kwana 288 ke nan, naira 864,000 a shekara. Albashin mutum 60 a wannan farashi naira 56,160,000 ne a shekara, don haka mafi munin abin da zai faru bai wuce kashi ɗaya da rabi cikin ɗari da ɗan kai ba. Idan kuma mata 8 ne suka ɗauki kwana 6 kowace, kwana 48 ne, naira 144,000, bai kai albashin ma'aikaci ɗaya na wata biyu ba. In sai an ɗauko 'yar aikin yini ta cike gurbi, a ninka kuɗin. Wani abin da zai kwantar masa da hankali: kwana 288 a cikin ranakun aiki 312 na shekara, bai kai mace ɗaya a rana ba, ko a mafi munin hali, in kowace ta ɗauki 13, bai wuce mace ɗaya a rana ba. Abin da ke tsayar da aiki shi ne gurbin da mutum ɗaya ne kaɗai ya iya shi. Ki duba layin aikinku, duk inda mace ɗaya ce ta iya injin liƙi ko sikeli, a koya wa mutum biyu kafin a ƙaddamar da hutun. Wannan zai yi muku amfani ranar hutun haihuwa da ranar rasuwa ma.

Tarkon da aka fi faɗawa ba a sani ba shi ne alawus. Idan kuna ba da kyautar wanda bai yi fashi ba a wata, ko kuna duba yawan zuwa aiki wajen ƙarin girma da sabunta kwantiragi, dole a rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan hutu ana ƙirga shi kamar an zo aiki. In ba haka ba, kun ba da kwana ɗaya da hannun dama kun karɓe alawus ɗin wata da hagu. Masu aikin da ake biya bisa yawan ƙulli, a biya su matsakaicin abin da suke samu a yini cikin wata uku da suka wuce. 'Yan aikin wucin gadi, waɗanda galibi su ne suka fi tsayuwa kuma suka fi ƙarancin kuɗi, a sa su ciki bayan wata uku suna zuwa. In aka bar su a waje, tsarin ya zama na 'yan ofis da ke zaune a inuwa.

Sai fargabar Kotun Ƙolin Indiya. Mai kamfani zai iya amincewa yau, shekara mai zuwa shugabannin sashe su fara cewa a kawo musu maza. Ba wanda zai rubuta haka, a wajen tantance masu neman aiki za a gani. Ki riƙe adadin yau, mata 24 cikin 60, wato kashi 40, ki riƙa duba shi duk wata shida tare da adadin matan da aka ƙara wa girma. Ƙorafin maza ma zai zo, kuma ba duka ne na hassada ba: shi ma mai basir ko ciwon haƙori ana yanke masa kuɗin yini in bai kawo takarda ba. Hanya mai sauƙi ita ce a ba kowa da kowa kwana uku a shekara daga cikin hutun rashin lafiya da zai iya ɗauka ba takarda. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma yana kashe maganar an fifita wasu.

A kamfanin abinci akwai wata ɓarna da ke iya ɓullowa ta bayan gida: wani ya ce tunda an san tana al'ada, kada ta taɓa kayan abinci. Ba hujjar lafiya a nan, wanke hannu da sabulu bayan shiga banɗaki shi ne ƙa'ida ga kowa. Ba hujjar addini ma. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Nana A'isha ta miƙo masa 'yar tabarmar salla, ta ce tana haila, ya amsa mata da cewa hailarta ba a hannunta take ba. A rubuta a cikin tsarin cewa hutun zaɓin ma'aikaciya ne, ba mai ikon tura ta gida ko canja mata gurbi saboda shi.

Wani ɓangare na fashin da kike gani ba ciwo ne ke kawo shi ba, wurin aikin ne. Audugar mata ana canja ta duk awa huɗu zuwa shida, ranar da jini ya yi yawa ma ƙasa da haka. Macen da ta san banɗakin wurin aiki ba ya kulluwa ta ciki, ba ruwa, ba inda za ta yar da auduga, ko sai ta karɓi makulli a hannun maigadi, za ta gwammace ta zauna gida. Ga mata 24, a ware banɗaki biyu nasu su kaɗai, da sakata, da buta da ruwa, da sabulu, da kwandon shara mai murfi da ake kwashewa kullum. In babu kwando, auduga masai za ta shiga, kuɗin mai gyaran bututu kuma ya fi na kwando. A ajiye fakitin auduga na ko-ta-kwana wurin jami'a. A yarda a fita banɗaki ba sai lokacin hutu ba. In kayan aikinku farare ne, a ƙyale zane ko siket mai duhu a ƙasa, a ajiye na canji biyu ko uku. A sa dogayen kujeru a teburin awo, don aikin da ake yi a tsaye yawancinsa ana iya yin sa a zaune. Benci a ɗaki mai labule da robar ruwan zafi ta gasa mara suna dawo da mace bakin aiki cikin rabin awa, irin dabarar Biyetnam ke nan. Magani kuwa, farasitamol ya isa a akwatin taimakon gaggawa. Ibufurofen da danginsa sun fi aiki a kan ciwon mara saboda suna rage sinadarin da ke jawo murɗar, kuma sun fi tasiri in an sha da ciwon ya fara alama, amma ba su dace da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai ciki da wasu masu asma ba, don haka ma'aikacin lafiya ne zai ba da su, ba jami'ar ofis ba.

Ki nemi a fara da gwajin wata shida, a rubuta ranar farawa da ranar dubawa a takardar sanarwa, don kada ya zama haƙƙin dindindin kafin a ga yadda ya zauna. A yi wa mata bayani su kaɗai, da Hausa, ta bakin mace. A yi wa shugabannin sashe nasu zaman daban, a gaya musu abu biyu da aka hana su: tambayar dalili da yin barkwanci a kai. In akwai ƙungiyar ma'aikata, a nuna wa wakilanta daftarin kafin a liƙa shi. Tun yanzu ki fitar da alƙaluman wata shida da suka wuce: kwanakin fashin mata ba sanarwa, kwanakin da aka rubuta zazzaɓi, kayan da aka dawo da su daga ɗakin ƙulli, da matan da suka bar aiki. Bayan gwaji ki jera su da sababbi, a jimla, ba suna. Idan wata uku suka wuce ba wadda ta ɗauka ko sau ɗaya, ki sa wata dattijuwa ta ji ta bakinsu a asirce. Galibi za ki tarar an bar wani alawus da ke zubewa in an ɗauka, ko wani shugaban sashe ya taɓa tambayar wata a gaban mutane.